Wa littafi ya taɓa sauya wa ra'ayi kan wasan bidiyo da ya riga ya buga?

Mai_Takobi: Salamu alaikum jama'a. Karon farko da na buga Dragon Age: Origins, da na kai Landsmeet, taron manyan masarauta, ko tsayawa tunani ban yi ba na sa aka sare kan Loghain. Mutumin da ya janye rundunarsa a yaƙin Ostagar ya bar Sarki Cailan ya mutu, wane sassauci ya cancanta? Bayan kusan shekara na karanta littafin The Stolen Throne na David Gaider, wanda ya fito a 2009. A nan na ga Loghain yana saurayi, ɗan manomi, sojojin Orlais, daular da ta mamaye ƙasarsu, sun kashe mahaifiyarsa a gabansa, ya ƙare ƙuruciyarsa a daji yana yaƙi tare da Maric, mahaifin Cailan. Da na sake buga wasan na zo wurin nan, sai na ajiye abin bugawar na yi shiru kusan minti biyar. Ƙarshe na bar shi da rai, Alistair, abokin tafiyata a wasan, ya yi fushi ya tafi. Har yanzu ban ce yana da gaskiya ba, amma na gane tsoron Orlais ne ya cinye shi. Ku fa?

Uwar_Dodanni: Wa alaikumus salam. Ni akasin haka ya same ni. A Dragon Age: Inquisition na ceci Sarauniya Celene ta Orlais a liyafar fada ina ta murna. Daga baya na karanta The Masked Empire na Patrick Weekes, na ga yadda ta sa aka ƙone unguwar talakawan ƙabilar elf a birnin Halamshiral, kuma ita ce silar mutuwar iyayen Briala, masoyiyarta. Raina ya ɓaci sosai. Ashe abin da wasan ya ambata a fakaice, ni ce ban saurara ba.

Tsohon_Horde: Ku naku da sauƙi, ƙarin haske kuka samu. Mu 'yan World of Warcraft sai da aka mayar da mu baƙi a gidanmu. Na shiga Cataclysm, sabon babin wasan, a 2010, na je birnin Thunder Bluff, na tarar Baine ne a kan mulki maimakon mahaifinsa Cairne. Ina Cairne? Ya mutu. A ina? A cikin littafi! The Shattering na Christie Golden ne ya ba da labarin karawarsa da Garrosh, shugaban ƙawancen Horde, da yadda Magatha, abokiyar hamayyar Cairne, ta shafa wa gatarin Garrosh guba. Haka aka sake yi a 2014: shari'ar Garrosh da tserewarsa duk suna cikin littafin War Crimes, alhali su ne tushen babin wasan Warlords of Draenor. Littafin da daɗi, ban musa ba, amma mutuwar babban shugaba a gaban ɗan wasa ya kamata a yi ta.

Ɗan_Koyo: Yayyena, littattafan Witcher ma suna cikin wannan sahun?

Uwar_Dodanni: A'a ƙanena, su ne iyayen wasan. Andrzej Sapkowski ya rubuta yawancinsu tun kafin wasan farko ya fito a 2007.

Mai_Takobi: Malam Tsohon_Horde, ban ja da kai ba. Sai dai ka faɗa mana, bayan ka gama The Shattering, ka ci gaba da ganin laifin Garrosh?

Tsohon_Horde: Gubar dai bai san da ita ba, wannan na wanke shi. Sauran laifukansa kuwa suna nan daram.