Shin za a iya dogara da tsofaffin finafinan yaƙi wajen sanin tarihi?

Jikan Tsohon Soja, Zariya

Assalamu alaikum. A makon jiya na kalli The Bridge on the River Kwai, wanda David Lean ya shirya a 1957, saboda kakana na wajen uwa yana cikin waɗanda Turawan Ingila suka kwasa daga nan Arewa zuwa yaƙin Bama, kuma ya rasu tun ban yi wayon da zan zauna in tambaye shi abin da idonsa ya gani ba. Fim ɗin ya riƙe ni har ƙarshe, amma ban ga baƙar fata ko ɗaya a cikinsa ba. Shin masu fim ɗin ne suka share mutanenmu, ko kuwa ni ne na nemi kakana inda ba ya nan? Kuma har zuwa ina mutum zai gaskata irin waɗannan finafinai?

Malamin Tarihi, Kano

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kakanka da rahama. Rashin ganin sojojinmu a wannan fim ba laifin masu shirya shi ba ne, domin labarin fursunonin yaƙi ne, waɗanda Japanawa suka kama galibinsu bayan faɗuwar Singafo a watan Fabrairun 1942, suka tilasta musu shimfiɗa layin dogo mai tsawon kusan kilomita 415 tsakanin Tailan da Bama. Mutanenmu kuwa sun isa yankin ne daga 1943, a cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka yi yaƙi a yankin Arakan da kwarin kogin Kaladan, har suka kama garin Myohaung a watan Janairun 1945. Sunan barikin Chindit da ke garinku da na Dalet da ke Kaduna duk daga can aka samo su.

Waɗanda fim ɗin ya share da gaske su ne leburorin Asiya. Fursunonin Turawa da suka mutu a aikin sun kai kimanin 12,000, amma leburorin da aka kwaso daga Bama da Malaya da Jawa, waɗanda yunwa da kwalara da duka suka kashe, an ƙiyasta su kusan 90,000, kuma da wuya ka ji ɗuriyarsu a fim ɗin. Haka nan an nuna kamar Japanawa ba su iya gina gada ba sai da injiniyoyin Ingila suka karɓi aikin, alhali suna da ƙwararrun injiniyoyinsu. A ganina wannan ya fi ba mu labarin Ingilar 1957 fiye da na Bamar 1943: ƙasa ce da Indiya ta kuɓuce mata shekara goma kafin nan, ta kuma sha kunya a rikicin mashigin ruwan Suwez na Masar a 1956, don haka tana buƙatar a gaya mata cewa ɗanta ko a ɗaure yake ya fi wanda ya ɗaure shi iya aiki.

Ɗiyar Maradi

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina so in ƙara cewa akwai fim ɗin da ya dubi yaƙin da idon sojan Afirka, wato Camp de Thiaroye, wanda Ousmane Sembène da Thierno Faty Sow suka fitar a 1988. Labarin sojojin da Faransa ta ɗiba daga ƙasashen da take mulka ne, waɗanda suka dawo daga zaman fursuna a hannun Jamusawa, aka ajiye su a wani sansani kusa da Dakar. Da suka nemi a biya su haƙƙinsu, sai aka buɗe musu wuta ranar 1 ga Disamban 1944. Hukumomin Faransa sun ce mutum 35 ne suka mutu, masana tarihi da dama kuma suna ganin adadin ya ninka haka sau da yawa, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya amince ya kira abin kisan kiyashi. Na kalle shi tare da mahaifina, kuma wurin da ya fi sosa masa rai shi ne inda aka ƙwace kakin Amurka da sojojin suka dawo da shi, aka mayar musu da tsofaffin kayan mulkin mallaka.

Abu Hafsa, Sakkwato

'Yar'uwa, ya kamata mu auna finafinan da ke faranta mana rai da irin mudun da Malam ya auna na Turawa. Da yawanmu mun san Umar Mukhtar, jagoran gwagwarmayar Libiya da mulkin mallakar Italiya, ne ta hanyar Lion of the Desert na Mustafa Akkad, inda Anthony Quinn ya fito a matsayinsa. Ginshiƙin labarin gaskiya ne, domin Italiyawa sun tsare dubban mutane a sansanoni, sun kafa shingen waya a kan iyakar Masar, sun kuma rataye Shehin a Suluk ranar 16 ga Satumban 1931. Amma gwamnatin Gaddafi ce ta zuba kuɗin fim ɗin, kuma ina ganin shi ya sa ba a ba ɗariƙar Sanusiyya da shugabanta Idris, sarkin Libiya da Gaddafi ya hamɓarar a 1969, matsayin da suka cancanta a labarin ba. Italiya kuma ta hana nuna shi a 1982, sai a 2009 aka haska shi a talabijin ɗin ƙasar.

Jikan Tsohon Soja, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, akwai wata lambar yabo mai siffar tauraro da takardar sallama daga soja a cikin akwatin kakana, waɗanda mahaifiyata ke adana da su. Zan duba takardar in ga ko an rubuta bataliyarsa, in kawo maka, ko za mu gane ko a runduna ta 81 ya yi ko ta 82.