Da me ake bambance nau'o'in sankarar huhu wadda ba ta ƙananan ƙwayoyi ba?

Ɗalibar Jinya:
Assalamu alaikum. An koya mana cewa kusan kashi 85 cikin 100 na sankarar huhu ba irin mai ƙananan ƙwayoyin halitta ba ce, sannan ita ma aka kasa ta gida uku. Da me ake bambance su, kuma wane amfani wannan rabo yake yi wa majiyyaci?

Mai Duba Tsoka:
Wa alaikumus salam, Malama. Ana yanke hukunci ne da abin da aka gani a madubin ɗakin gwaji bayan an ɗebo ɗan tsoka daga ƙullutun. Wadda ta fi yawa ita ce adinokasinoma, mai tasowa daga ƙwayoyin da ke fitar da majina. Takan zauna a gefen huhu, kuma ita aka fi samu ga waɗanda ba su taɓa shan taba ba. Sikwamas kuwa galibi tana tsiro a manyan hanyoyin iska na tsakiya, alaƙarta da taba tana da ƙarfi ƙwarai, kuma a madubi za ki ga ƙwayoyinta shimfiɗaɗɗu, wani lokaci sun nannaɗe sinadarin keratin, irin wanda ke cikin fata da gashi, zobe cikin zobe. Ta ukun, mai manyan ƙwayoyi, suna ne da ake bai wa ƙullutun da bai nuna alamar ko ɗaya daga cikin biyun ba. Idan siffa ta rikice, sai a rina tsokar da rini na musamman mai nuna wasu sinadarai a cikin ƙwayoyin: rinin TTF-1 yakan kama a adinokasinoma, na p40 kuma a sikwamas.

Likitan Sankara:
Bari in ƙara kan tambayarki ta biyu. A da kusan magani ɗaya ake ba su duka, shi ya sa ba a damu da rabon sosai ba. Yanzu an san cewa maganin pemetrexed ba ya yin aiki yadda ake so a kan sikwamas, maganin bevacizumab kuma yana iya jawo wa mai ita zubar jini mai tsanani daga huhu. Sauye-sauyen ƙwayar gado mai suna EGFR da aka gano a 2004, da na ALK a 2007, waɗanda ake da magungunan sha na musamman dominsu, a adinokasinoma aka fi samunsu. A ganina, sakamakon da ya tsaya a kan "ba ta ƙananan ƙwayoyi ba ce" aiki ne da ba a kammala ba.

Ɗalibar Jinya:
Na gode. To, idan tsokar da aka ɗebo da allura ba ta nuna komai ba ko bayan rini, sai a ce mai manyan ƙwayoyi ce?

Mai Duba Tsoka:
A'a. Bisa tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015, ba a ba da wannan suna sai an cire ƙullutun gaba ɗaya ta hanyar tiyata an duba shi, domin ɗan guntu yana iya ɓoye siffar da ke wani sashen. A kan ƙaramin samfur ana rubuta cewa ba a tantance nau'inta ba, a kuma adana ragowar tsokar don gwajin EGFR da makamantansa.