Tuƙi a hannun hagu: waɗanda suka taɓa yi dan Allah ku ban shawara

Abban_Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. In Allah ya yarda wata mai zuwa zan tafi Ingila karatun digiri na uku, garin Lesta, kuma da iyali zan tafi, yara biyu da mamansu, kunga dole sai na nemi 'yar mota ko dan kai yara makaranta da cefane. Shekarata goma sha huɗu ina tuƙi, Kano zuwa Abuja, Kano zuwa Maiduguri duk na sha yi, amma wallahi tunda na fara kallon bidiyon titunansu gabana ke faɗuwa, komai a juye yake, sitiyari a dama mota a hagu. Abinda nake son sani, kuloci da birki suma a juye suke? Kwana nawa mutum ke ɗauka kafin ya saba? Sannan lasin ɗina na Najeriya zai min aiki a can ko sai na sake wani? Na gode.

Sadiku_Bham:
Wa alaikumus salam. Malam Abban Hanif Allah ya sa a je a sa'a. Ni shekarata shida a Birmingham, kusa muke da Lesta. Ka kwantar da hankalinka ta wajen ƙafa, ba abinda ya canza, kuloci na hagu birki a tsakiya totur a dama kamar dai gida. Giya ce ta koma hannun hagunka, kuma tsarinta bai juya ba, wato lamba ɗaya da ka saba jawowa wajenka yanzu turata zakayi nesa da kai. Satin farko zaka riƙa kai hannun dama kana bugun ƙofa kana neman giya, ka ɗaga ido dama kana neman madubin tsakiya alhali yana hagu, duk wannan kwana kaɗan ne ya wuce.

Abinda nake so ka riƙe da kyau shi ne, ba cikin cunkoso haɗarin yake ba. In akwai motoci a gabanka binsu kawai zakayi, ba zaka ɓata ba. Haɗarin na lokacin da titi ya zama wayam ba kowa, kuma a lokacin da ka fara jin ai ka iya. Ni a wata na uku abin ya sameni, cikin azumi, na fito daga masallaci bayan asuba na tsaya gidan mai, da na gama na fito titi ba mota ko ɗaya, ga barci a idona, kawai jiki ya koma abinda ya sani na kama hannun dama ina tafiyata hankali kwance. Na yi tafiya mai ɗan nisa a haka sai ga fitilun wata motar kaya sun doso ni gaba da gaba, abin mamakin ma a zuciyata cewa nayi wannan wane irin direba ne yake bin wanwe, ban kawo ni ne a hannunsa ba sai da ya kunna min doguwar fitila ya danne oda. Na fizge sitiyari na koma hagu na samu gefe na tsaya, ƙafata na rawa a kan birki, na fi minti goma a wurin ina innalillahi. Da ƙaramin yaro ne a mota ko gudu mutumin yake da labarin ya sha bamban.

Tun ranar na ɗauki ƙa'ida ɗaya: ni direba, kafaɗata ta dama kullum tana jikin layin tsakiyar titi, fasinja shi ne a gefen dakalin masu tafiya a ƙasa. Duk sanda zan fito daga gida ko gidan mai ko fakin, sai na faɗa a bakina kafin na saki birki. In ka ganka kai ne a jikin dakali to ka ci hannun wani.

Sai kwana. Kwanar hagu ita ce gajera mai sauƙi a can, kwanar dama ita ce zaka tsallaka hannun masu zuwa, kuma a nan ne mutum ke faɗawa layin da ba nasa ba bayan ya sha kwanar. Shataletale kuma hagu ake shiga ana zagayawa yadda hannun agogo ke tafiya, wanda ya taho ta damanka shi ke da hanya, dama zaka kalla ba hagu ba. Kuma suna da shataletale kamar me, har wani fenti ne kawai aka zagaya a tsakiyar titi amma dokarsa ɗaya da babba.

Maman_Ilham:
Yaya Sadiku ya gama magana wlh. Ni a Malesiya na zauna shekara huɗu maigidana na karatu, can ma hagu ne. Motarmu Perodua ce ƙarama, sandar sigina tana dama waifa na hagu, sai in zo shan kwana in kunna waifa rana tsaka gilashi a bushe ƙarau, na bayana bai san inda na nufa ba, ga babura suna ratsowa ta ko'ina. Motocin Turai dai yawanci siginarsu na hagu kamar yadda muka saba, amma ka duba taka tun a fakin kafin ka hau titi.

Abu biyu zan ƙara. Na farko jikin motar yanzu yana hagunka, kai kuwa idonka ya saba auna faɗin mota ta dama, shi yasa sabon zuwa yake yawan matsewa hagu ya goga taya da dakali ko ya kwashe madubin motar da aka faka. Ni sai da na kankare wili guda a satin farko. Na biyu kuma shi yafi damuna, tsallaka titi da ƙafa. Mu tun muna yara hagu muka saba fara kallo, a can motar da zata fara iskoka ta dama take zuwa. Dan Allah ka koya wa Maman Hanif da yaran wannan tun kafin ku tashi, ku riƙa gwadawa a gida, dama, hagu, a sake kallon dama. Wanda baya tuƙi ma bai tsira daga wannan ba.

Dattijon_Fagge:
Yaro kada wannan ya tsorata ka, ƙasarka ma ai hagu take bi da. Mu mun ga ranar da aka juya, Lahadi 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Gowon, kafin a fito da naira a watan Janairu 1973. Lokacin ina yaron mota, muna ɗaukar kaya daga Kano mu bi Katsina mu fita ta Jibiya zuwa Maraɗi. Kafin canjin, da mun tsallaka iyaka sai maigidana ya koma dama saboda Nijar tsarin Faransa take bi, in mun dawo ya koma hagu, kuma aikina ne in tuna masa, da mun bar shingen kwastan zan buga jikin mota in ce maigida hannu. Dalilin canjin kenan ma, duk maƙwabtanmu Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomey (Jamhuriyar Benin ta yanzu) dama suke bi, mu kaɗai ne a tsakiya muna bin na Ingila. Gana ma ta biyo baya a 1974.

An daɗe ana shela a rediyo kafin ranar, kuma da ta zo kowa a hankali yake tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, saboda tsoro. Abinda na lura da shi, kuma ya yi daidai da maganar Sadiku, sai bayan an kwana biyu tsoro ya fita sannan ka ga direba ya fito daga tasha da sassafe ya kama tsohon hannu. Ga motocin duk sitiyarinsu na dama ne, in zaka wuce babbar mota baka ganin gaba sai yaron mota ya leƙa maka. Kai naka da sauƙi tunda motar da zaka saya an ƙera ta ne dan titin. Ka yi addu'ar hawa abin hawa, kada ka yi tuƙi da gajiya, Allah ya tsare.

Abban_Hanif:
Allah ya ƙara girma Baba, wallahi ban taɓa sanin da idonka kaga wannan ba, mu a baki kawai muke ji. Hajiya Maman Ilham na gode, maganar tsallaka titi ko kaɗan bata zo min a rai ba, yau ɗin nan zamu fara da yaran. Malam Sadiku saura maganar lasin, sannan kana ganin in sayi atomatik ne ko manuwal? Ni dai manuwal na saba.

Dan_Mbale:
Atomatik ɗan uwa, kada ma ka tsaya dogon tunani. Ni a Yuganda nayi karatu, hagu ne can ma kamar Kenya da Tanzaniya, kuma ga 'yan boda boda, wato 'yan acaɓansu, ta gaba ta baya, in ka haɗa neman giya da hannun da bai saba ba da kallon hanya abin ya maka yawa. Rage wa kanka aiki ɗaya. Mun taɓa shiga bas daga Kampala zuwa Kigali, a iyakar Katuna direba ya koma dama saboda Ruwanda dama suke bi, a nan na gane dabarar layin tsakiya da Malam Sadiku ya faɗa tana aiki ne kawai in sitiyarin motar ya dace da ƙasar. To in wata rana ka ɗau motarka ta Ingila ka tsallaka Faransa, ka sani lissafin ya juye, kai ne zaka koma jikin dakali.

Sadiku_Bham:
Dan Mbale gaskiyarka a maganar Faransa, amma a atomatik ban bika duka ba. In hayar mota mutum zaiyi na sati ɗaya ko biyu, eh ya ɗau atomatik. Shi kuwa zama zaiyi na shekaru kuma dole zaiyi jarrabawar tuƙi, a Ingila in ka ci jarrabawa da atomatik to lasin ɗinka na atomatik ne kaɗai, baka da izinin taɓa manuwal. Mutumin da ya shekara goma sha huɗu yana taka kuloci asara ne ya ɗaure kansa haka, hannun hagun sati biyu ya ishe shi ya saba.

Lasin kuma, zaka iya tuƙi da na Najeriya tsawon wata 12 daga ranar da ka fara zama a ƙasar, bayan nan ya daina aiki, kuma ba ya cikin waɗanda ake musanyawa kai tsaye. Sai ka nemi lasin koyo a wajen DVLA, hukumar da ke bada lasin tuƙi a can, kayi jarrabawar kwamfuta ta dokokin hanya, sannan ta tuƙi. Kada ka jira wata 12 ɗin su kusa cika, samun ranar jarrabawa na ɗaukar watanni, in lokacin ya ƙare baka ci ba ka koma ɗan koyo, baka isa ka fita kai kaɗai ba sai da mai lasin a gefenka. Ka biya malamin tuƙi ko darasi biyar ne tun farkon zuwa, ba dan baka iya ba, dan ya nuna maka abinda suke dubawa, kallon madubi da tsayawa masu tafiya a ƙasa.

Allunan gudu da mil suke ba kilomita ba, 30 a cikin gari wajen kilomita 48 kenan, 70 a babbar hanya wajen 112, kuma kyamara ce ke kamawa takarda ta iskoka har gida. A babbar hanya layin hagu shi ne na tafiya, ta dama ake wuce mota a dawo. Inshora dole ce kafin taya ta taɓa titi, yara kuma sai da kujerarsu ta mota har su kai shekara 12 ko tsawon santimita 135. Wani abu kuma, mu a gida in mutum ya walƙa maka fitila cewa yake kauce gani nan, a can yawanci nufinsa na baka hanya wuce, duk da haka ka duba da idonka kafin ka shiga. Oda kuma ka manta da ita sai in haɗari ka gani.

In kun sauka kada ka karɓi mota a filin jirgi da gajiyar tafiya, ku hau jirgin ƙasa ko bas zuwa Lesta. Kayi sati biyu kana shiga bas mai hawa biyu ka zauna sama a gaba ta hannun dama, saitin direba, kana kallon yadda yake shiga shataletale da kwana. In ka samu motar ka min magana, wata Lahadi da safe in shigo in zauna a gefenka mu zagaya unguwarku.

Abban_Hanif:
Allah ya saka da alheri Malam Sadiku, Allah ya bar zumunci. Manuwal ɗin zan nema, kuma da na samu adireshin gida zan cike takardar lasin koyon. Zan turo maka saƙo in mun sauka in sha Allah.