Ƙungiyar masu zanen tsirrai a Zariya: ta ina za a fara?

Ɗalibin zane, Samaru:
Assalamu alaikum. Mu biyar ne masu sha'awar zanen tsirrai, kuma muna son kafa ƙungiya da za ta jingina da lambun tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello, kamar wadda aka kafa a 1995 a lambun Chelsea da ke Landan, inda mambobi suke zana tsirran lambun su ba shi kyautar zanen ya adana. A ganina, garin da su Uche Okeke da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar zane a 1958 bai kamata ya rasa irin wannan ba. Ta ina ya dace mu fara?

Tsohon malamin kimiyyar tsirrai, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ku rubuta tsarin mulki ko ku zaɓi shugaba, ku nemi masanin tsirrai ɗaya wanda zai riƙa duba kowane zane kafin a karɓe shi, domin wannan aikin shaida ce ta ilimi, kuma kyan launi ba ya wanke kuskure a ƙirgen jijiyar ganye. Takarda ɗaya za ta nuna ganye gaba da baya, da fure a tsage, da 'ya'ya, da iri, tare da ma'aunin girman kowanne.

Abin da ya fi wuya shi ne haƙuri. Gawo yana kaɗe ganye da damina ya yi kore shar da rani, ɗorawa tana fidda jan furenta da rani kafin a ga kalwa, furen kuka kuwa da dare yake buɗewa, ba ya kuma daɗewa. Wanda zai zana itace guda cikakke sai ya bi shi shekara guda, kuma amfanin lambu ke nan: itacen yana nan inda kuka bar shi.

Wata 'yar'uwa, Sabon Gari:
Baba, a gafarce ni, shin hoton waya ba zai wadatar ba?

Tsohon malamin kimiyyar tsirrai, Tudun Wada:
'Yata, hoto yana ɗaukar reshe ɗaya ne a yini ɗaya, har da cin tsutsa da inuwa, alhali mai zane yana haɗa abin da ya gani da rani da damina a wuri guda.

Ma'aikaciyar ɗakin karatu, Kongo:
Malam ya gama magana kan zane, ni ajiya ce ta dame ni. Ku rubuta yarjejeniya da hukumar lambun tun farko kan wanda ya mallaki zanen da inda za a ajiye shi, saboda gara da laimar damina ba sa barin takarda. Ina kuma roƙonku ku sa sunan Hausa kusa da na Latin. Wani Bature masanin tsirrai mai suna Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa tun 1916, amma ku tuntuɓi masu maganin gargajiya a kasuwa, domin suna yana sauyawa daga gari zuwa gari.

Ɗalibin zane, Samaru:
Na gode, Baba, na gode, Hajiya. Da rimi za mu fara, tunda da shi aka san birnin Zazzau, kuma za mu jira furensa da hunturu.