Jet ɗina na rimot ya daki ƙasa da hanci, gyara kawai zan yi ko in haɗa da ƙarin ƙarfi da fenti?

Fiffike70 ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar nan. Ina da ɗan jet na rimot samfurin F-16, jikin soso ne irin EPO, fankar EDF (fankar cikin bututu da ke tura jirgin) 70mm mai ganye 12, batir 6S (sel shida) 4000mAh, ESC ɗinsa (na'urar da ke sarrafa gudun injin) 80A. Shekaranjiya a tashinsa na tara abin ya faru, na zo sauka na rage wuta tun ban ƙaraso kan titin ba, sai na ga yana nutsewa na ja sandar rimot baya, ai kuwa sai ya ɗaga hanci ya karkata hagu ya zo ya daki ƙasa, wallahi har yanzu ina jin ƙarar a kunnena.

Ɓarnar da na gani: hancin ya rabu biyu daidai gaban inda batir ke zama, ƙananan ɓaraguzan duk na tsince su na zuba a leda, fiffiken hagu ya tsage daga gindi kamar tsawon yatsa, tayar gaba ta lanƙwashe ba ta komawa ciki, sarbo ɗin elebeta (ɗan injin da ke motsa fiffiken jela mai ɗaga hanci da sauke shi) kuma in na taɓa sanda sai ya yi ƙirrr amma babu motsi. Ganyen fanka ɗaya ya ɗan ɓantare a baki kuma in na ba shi wuta kaɗan sai duk jikin ya ɗau rawa. Batir ɗin ya loɓa a kusurwa ɗaya amma na gwada kowane sel yana nuna 3.7V.

Tambayata ita ce da wane gam zan haɗa soson nan kada ya narke, sannan tunda dai zan buɗe cikinsa ina ganin in sa injin da ya fi wannan kV (yawan juyi a minti kan kowane volt) in samu gudu, in canza masa fenti zuwa mai duhu, in sa masa fitilun nan masu zagaye a bututun baya da ke ci kamar wuta in an ba shi gudu. In yi duka lokaci ɗaya ko kuwa? Na ƙagu in gan shi a sama.

TsohonMatuƙi ya rubuta:

Wa'alaikumus salam. Sannu ƙanena, Allah ya mayar da alheri, duk wanda ka gani yana tuƙa jet ya taɓa tsintar ɓaraguzai a leda, kuma ka kyauta da ka tsince su duka don su ne za su mayar maka da siffar hancin.

Kafin maganar gam, batir ɗin nan ka fitar da shi daga ɗaki yau ɗin nan. Batir irin wannan, wato LiPo, in ya loɓa to lamarin yana ciki ne inda ido ba ya gani, siraran shafukan da ke cikinsa na iya haɗuwa bayan kwana biyu ko a tsakiyar caji, 3.7V da ka gani ba shaida ba ce. Ka ajiye shi a waje cikin bokitin ƙarfe da yashi, nesa da duk abin da zai kama wuta, ka sauke cajinsa a hankali kana tsaye a wurin, sannan ka kai inda ake karɓar matattun batura. Kar ka sake caja shi dan Allah.

To gyara. Ka fara cire komai daga ciki, fanka da ESC da resiba (mai karɓar siginar rimot), ka bar gangar jikin kawai. Inda soson ya murƙushe ka kanga shi a tururin ruwan zafi ko ka zuba masa ruwan zafin kaɗan kaɗan, za ka ga ƙwayoyin suna kumbura suna komawa yadda suke, abin gwanin ban sha'awa, amma kar ka daɗe a wuri ɗaya don in zafi ya yi yawa fatar sai ta yi ƙuraje ƙuraje kuma ba ta komawa. Ka bari ya bushe sarai. Sannan ka haɗa guntayen ba gam tukuna, ka riƙe su da tef, ka kalli jirgin ta gaba da ta sama ka tabbatar hanci ya miƙe da jela, nan ne mutane ke kuskure, su yi saurin shafa gam sai ya bushe su ga hanci ya kauce kaɗan, daga nan jirgin kullum yana jan gefe guda sai dai ka yi ta gyara da tirim (maɓallin daidaita jirgi a rimot).

Gam kuwa, EPO yana jure sufa gulu, wanda ke narkewa shi ne EPS, irin farin soson nan da ke cikin kwalin talabijin, duk da haka ka ɗiga a kan ɗan guntu ka gani tukuna. Ni dai ba na sa sufa gulu a babban karaya don yana bushewa ƙarau kamar gilashi, soso kuma lanƙwasa yake yi, sai ya sake tsagewa a gefen gam ɗin. A hanci ina amfani da gam ɗin soso mai danƙo wanda ake shafawa gefe biyu a raba su a jira kaɗan a sake haɗawa, in kuma akwai rami da soson ya ɓace sai gam ɗin foliyuritan mai kumfa, shi yana son ɗan laima kuma yana kumbura ya cike gurbi, ka danne shi da tef kada ya tura guntayen. Ka soka tsinken sakace uku ko huɗu su ratsa karayar. Gindin fiffike shi ne wurin da na yarda da gam ɗin ifoksi, na minti 30 ba na minti 5 ba, ka tsaga siririn layi da reza ka binne sandar kabon ta ƙetare tsagar, gam siriri kawai. Ifoksi nauyi gare shi.

Sarbo ɗin haƙoran cikinsa sun ci, ka canza shi da mai haƙoran ƙarfe daidai girmansa, kuma ka gwada sauran ta hanyar danna su kaɗan da yatsa suna aiki. Ƙarfen tayar gaba ka kwance shi daga na'urar da ke shigar da tayar ciki kafin ka miƙar, in ka murɗa yana maƙale za ka fasa gidan.

Injin da fenti ka dakata. Ka mayar da shi yadda yake ya tashi sau biyar lafiya, in ka canza abu huɗu lokaci ɗaya ya ƙi tashi daidai ba za ka san wanne ne mai laifin ba.

WayaUku ya rubuta:

Na goyi bayan yallaɓai a kan batir ɗari bisa ɗari. Ni fankar ce ta fi tsaya min a rai, malam kar ka sake ba ta wuta a haka. Abin nan yana juyi dubu talatin zuwa sama a minti ɗaya, ganyen da ya ɓantare zai iya ɓallewa ya fasa gidan fankar ya huda soso ya fito, kuma rawar da kake ji tana cin boris ɗin injin tana rikita jairo (na'urar da ke daidaita jirgi a sama) in kana da shi. Sabon kan fanka za ka sa, ba a liƙa ganye. In ka cire tsohon ka juya shaf ɗin da hannu ka kafa ido a bakinsa, in yana lilo to ya lanƙwashe ko adaftar ce ta lanƙwashe, in kuma ka ji ƙaras ƙaras to ƙasa ta shiga tsakanin maganaɗisun. Shi F-16 bakin shan iskarsa a ƙarƙashin ciki yake dab da ƙasa, tsakuwa da ciyawa duk zuƙa yake, ka leƙa bututun da tocila ka share tas. Sabon kan ma sai ka yi masa balans, ka riƙa juya shi kaɗan kaɗan a kan shaf kana ɗaurewa kana gwadawa da ƙaramar wuta har ka sami inda ya fi shiru.

Maganar ƙara kV bari in ba ka lissafi ka yanke da kanka. A fanka, in gudun juyi ya ninka biyu ƙarfin turawa sau huɗu yake ninkawa, wutar da take ci kuma sau takwas. Wato in ka ƙara juyi da kashi 10 cikin ɗari turawa za ta ƙaru da kamar kashi 21 amma cin wuta zai haura da kashi 33. A ce yanzu kana jan 70A a cikakkiyar wuta, ka koma wajen 93A kenan, ESC ɗinka na 80A ya tashi aiki, in fulogin XT60 ne a jiki shi ma zai yi zafi sai ka koma EC5 ko XT90, batir ma sai mai C (ƙarfin sakin wuta) babba. Lokacin tashi kuma fa? 4000mAh in za ka bar kashi 20 a ciki saura 3200, in kana jan 55A a tsaka tsaki minti uku da rabi ne, da sabon injin sai ya gaza haka, ga babban ESC ya fi nauyi. Ka sayi mitar wat ka auna abin da kake ja yanzu kafin ka sayi komai.

Gudu na kyauta yana cikin bututu. Ka tattare wayoyin da ke reto a hanyar iska ka manne su a bango, duk inda gam ya tsiyayo ciki ka goge da sanfefa. In za ka ja ESC gaba ko baya ka ƙara tsawon wayoyi ukun da ke zuwa injin, kar ka ƙara na ɓangaren batir sai da ƙarin kafasita, yana kashe ESC. In ka haɗa ka ji iska na fita ta gaba, musanya biyu cikin ukun kawai.

Fiffike70 ya rubuta:

Na gode ƙwarai manya, Allah ya saka. Batir na waje tun ɗazu. Na cire kan fankar kuma gaskiyarka adaftar ce ta lanƙwashe, shaf ɗin lafiya lau. Injin na haƙura da shi. Amma fentin fa, inda zan liƙa ɗin nan tabo zai fito fili, in bar shi a haka?

MaiBurushi ya rubuta:

A nan ni na ɗan saɓa da yallaɓai TsohonMatuƙi, da girmamawa. Fenti ba ya hana ka gane laifin jirgi in dai ka auna nauyi, kuma yanzu da ba komai a cikinsa shi ne lokacin da ya fi sauƙin yi. Ka cike tabon da filar bango mara nauyi, ta bushe ka bi da sanfefa mai laushi, ka shafa banish na ruwa siriri sau biyu, sannan fentin akirilik na ruwa. Fentin gwangwani na feshi ka yi hattara da shi, tinar da ke ciki tana cin soso, na taɓa fesa wa jelar wani jirgina daga kusa ina kallo fatar ta yamutse ta zama kamar an ɗiga mata wuta, tun daga ranar ba na fesa komai sai na gwada a cikin murfin batir. Tef ɗin da za ka raba launi da shi ka manna a rigarka sau biyu ƙarfinsa ya ragu, in ba haka ba zai ɗago tsohon fentin.

Amma mai duhun nan ban ba ka shawara ba. Yana shan zafin rana soson ya kumbura, kuma a sama toka toka ko baƙi ɓacewa yake, jet yana nisa cikin daƙiƙa kaɗan ka kasa gane cikinsa kake gani ko bayansa. Ka sa launi mai haske a bakin fukafukai da jela, ƙasan kuma ya bambanta da saman.

Abin da zai kashe jirgin shi ne CG, wato wurin da nauyin gaba da na baya suke daidai, in ya kauce. Ka sa shi a sikeli kafin da bayan aiki. Fitilar bututu a can ƙarshen jela take, in ta kai giram 20 a nisan santimita 60 bayan CG to sai giram 40 a santimita 30 ta gaba kafin su yi daidai, ka ga ka ɗora masa 60 kenan. Gam ɗin da za ka sa a hanci zai biya wani abu, sauran ka tura batir gaba maimakon ƙara dalma. Ka duba littafin jirgin ka ga milimita nawa aka ce daga gaban fiffike, ka yi alama da biro a gefe biyu, ka ɗora shi a kan yatsu da batir a ciki. Hanci ya ɗan rinjaya ba laifi, jela ta rinjaya kar ka tashi.

TsohonMatuƙi ya rubuta:

Na yarda da kai malam, in zai auna to ya yi fentin. Fitilar dai a bari sai gaba.

Ƙanena abu ɗaya ya rage, dalilin faɗuwar. Jirgi mai farfela a gaba in ka ba shi wuta nan take iska ke bi ta kan fiffike da jela ya farfaɗo, jet ba haka yake ba, iskarsa ta cikin bututu take wucewa, sai jirgin kansa ya yi gudu kafin sanda ta yi aiki. Shi ya sa ba a kashe masa wuta a saukowa, ka riƙe kamar kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku, hanci ɗan sama kaɗan, in yana nutsewa wuta za ka ƙara ba sanda za ka ja ba, sai ka zo dab da ƙasa ka sauke. Ranar gwaji ka hau sama sosai ka rage gudu a hankali ka ga inda yake fara sakin fiffike, ka san shi tun a can. Kafin nan ka yi gwajin nisan rimot, ka kashe rimot ka tabbatar injin na tsayawa da kansa, eriyoyin resiba kada su kwanta jikin sandar kabon ko batir don suna tare sigina. Sabon sarbo kuma ka tsaya bayan jirgin ka ja sanda ka ga elebeta ta ɗaga sama, wani sarbon juyinsa a baibai yake zuwa.

Fiffike70 ya rubuta:

Ga labari bayan sati biyu. Ya tashi jiya da safe da sabon batir, sau uku. Nauyin da ya ƙaru duka giram 38 ne har da fenti, na yi masa fari da ja a bakin fukafukai, batir na ja shi baya kamar santimita ɗaya don hancin ya yi nauyi da gam. Tirim danna biyu kawai ya nema zuwa dama. Rawar nan ta tafi gaba ɗaya, ƙarar ma ta canza ta koma shuuu mai daɗi. Na riƙe wuta a saukowa kamar yadda yallaɓai ya ce, na farko ya ɗan yi tsalle, na biyu da na uku ya zauna lafiya. Mitar ta nuna 68A a cikakkiyar wuta, na sa taima minti uku na sauko da 3.75V a kowane sel. Tayar gaba ce kawai take ɗan jinkiri wajen shiga, ina zargin ƙarfen bai gama miƙewa ba, zan sake kwance ta da daddare in duba.