Idan ruwa ya tafasa, mene ne ainihin abin da yake tsinkewa?

Ɗalibar SS2:
Assalamu alaikum malamai. A littafinmu an ce ruwa na tafasa a digiri 100 ne saboda sai an tsinke "haɗin haidirojin" tukuna. To idan an tsinke, me ya sa tururi bai zama iskar haidirojin da oksijin ba? Kuma H₂S (haɗin haidirojin da farar wuta) ya fi H₂O (ruwa) nauyi, amma shi iska ne, ruwa kuwa ruwa. Na ɗauka mai nauyi shi ya fi wuyar tashi.

Malamin Kemistiri:
Wa alaikumus salam. Haɗi biyu kika gwama, kuma sunan ne ya ruɗe ki. Akwai haɗin da ke cikin ƙwayar ruwa guda, wanda ya ɗaure oksijin ɗaya da haidirojin biyu. Wannan gagarau ne, sai an kashe makamashi kusan kilojul 460 a kowane mol (ma'aunin yawan ƙwayoyi a kemistiri) kafin ya tsinke, wutar murhu ba ta isa ba. Haɗin haidirojin kuwa jan da ke tsakanin wannan ƙwaya da maƙwabciyarta ne, ƙarfinsa kilojul 20 da ɗoriya kawai. Shi tafasa ke kwancewa. Don haka tururi H₂O ne cikakke, ƙwayoyin ne suka saki juna. Kumfar da kike gani tana ɓulɓulowa daga gindin tukunya ma tururi ne a cikinta.

Ga inda jan ya samo asali. Oksijin ya fi haidirojin kwaɗayin elektiron: a ma'aunin Pauling yana da 3.44, haidirojin 2.20. Sai elektiron ɗin da suka yi tarayya a kai ya karkata wajen oksijin, gefensa ya ɗan yi cajin negatif, gefen haidirojin ya ɗan yi fozitif. Ƙwayar kuma ba miƙaƙƙiya ba ce, a lanƙwashe take da kusurwar digiri 104.5, shi ya sa cajin bai kashe juna ba. Haidirojin wannan ƙwaya sai ya nufi oksijin waccan. Kowace tana da haidirojin biyu da za ta miƙa, da tagwayen elektiron biyu marasa abokin haɗi da za ta karɓa da su, wato tana iya riƙe maƙwabta huɗu.

Farar wutar da ke cikin H₂S ma'auninta 2.58 ne, ba ta fi haidirojin da yawa ba, saboda haka jan ya yi rauni. Nauyin ƙwayar H₂S 34, na ruwa 18, amma a digiri 60 ƙasa da sifiri yake tafasa. Shi ne warin baragurbin ƙwai.

Ma'aikacin Lab:
Allah ya ƙara basira, Malam. Akwai tarkon da ake yawan faɗawa a jarrabawa: HF, wato haɗin haidirojin da fulorin. Fulorin ya fi oksijin jan elektiron, haɗinsa guda ɗaya ya fi na ruwa ƙarfi, amma a digiri 19.5 yake tafasa. Haidirojin ɗaya gare shi, sai ya ƙare da haɗi biyu a jere kamar sarƙa. Amoniya kuma haidirojin uku gare ta amma wurin karɓa ɗaya tak, tana tafasa a 33 ƙasa da sifiri. Ruwa ne kawai lissafinsa ya yi daidai, biyu da biyu, ya saƙa raga ta kowane gefe.

In kina son gani da ido, cika kofi mai tsabta da ruwa, ki ɗora ɗan guntun tishu a kai, ki shimfiɗa busasshiyar allura a kwance bisa tishun. Tishun zai jiƙe ya nutse, allurar ta tsaya, har ki ga saman ruwan ya ɗan lotsa a ƙarƙashinta kamar fata. Ƙwayoyin sama ba su da maƙwabta a bisansu, sai na gefe da na ƙasa ke jansu. Yanzu taɓa ruwan da tsinken da ya shafi sabulu, nesa da allurar: za ta nutse. Idan tun farko ta ƙi tsayawa, ko dai akwai ragowar sabulu a kofin, ko allurar a jiƙe take, ko tsininta ya fara shiga. Da giyar asibiti kuwa ba ta tsayawa, ƙarfin samanta kusan 22 ne inda na ruwa yake 72.

Ɗalibar SS2:
Na gode ƙwarai. To ƙanƙara fa? In jan ya fi ƙarfi a cikinta, ai kamata ya yi ta matse ta nutse.

Injiniyan Sanyi:
Ƙanwata, a ƙanƙara kowace ƙwaya tana riƙe da huɗunta cif, a tsari mai kusurwa shida da rami a tsakiya. A ruwa kuwa haɗin na tsinkewa yana sake ƙulluwa cikin abin da bai kai ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa ba, ƙwayoyin na kutsawa cikin ramukan. Shi ya sa lita ɗaya ta ruwa ke yin kusan giram 1,000, ta ƙanƙara 917, kuma ruwa ya fi matsewa a digiri 4, ba a sifiri ba. Kumburin ya kai kashi 9 cikin 100. Robar lita ɗaya da za a sa a firiza a bar mata sararin mililita 100 aƙalla. Kwalbar gilashi a cike kuwa fashewa za ta yi.

Randa ma wannan jan ne ke mata aiki. Kowane giram da ya tsattsafo ta jikin yumɓu ya bi iska yana tafiya da zafi kusan jul 2,400, kuɗin kwance haɗinsa ke nan. Giram 100 daga lita 10 na iya sauke zafi da kusan digiri 6 idan wani zafin bai shigo daga waje ba. Randar da aka shafa wa fenti ko siminti ta toshe ƙofofinta, ba za ta sanyaya ba. Da damina kuma iska ta riga ta ƙoshi da laima, sai sanyin ya ragu. A lokacin hunturu da bazara, ƙarƙashin inuwa inda iska ke kaɗawa, nan take yin aikinta sosai.