Inshorar tafiya hutu Zanzibar, wacce zan yanka?

Tambaya: Salam 'yan uwa, don Allah ina son kai iyali hutu tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, wace inshora ya kamata in yanka? Wallahi duk sun rikita ni.

Amsa 1: Wa'alaikumus salam. Tun Oktoban 2024 dole baƙo ya sayi tasu ta gwamnati, dala 44 kowane babba, ko da kana da wata, ta intanet ake biya.

Amsa 2: Malam ka ƙara da taka dai, ka duba ko ta haɗa da ɗaukar mara lafiya a jirgi zuwa babban asibiti, tsibiri ne fa, kuma in za ku yi nutso a teku ka tambaya don da yawa ba sa biyan wannan sai an ƙara kuɗi.

Amsa 3: In akwai mai hawan jini ko suga ka faɗa wa kamfanin inshorar tun farko, mu ba mu faɗa ba suka ƙi biya.